Mutane masu wutsiya da kuraye masu ƙafa biyu



Ran nan ina zaune a tashar mota ta Birnin Ƙonni, ina jiran motar Badagishiri. Kusa da ni yara huɗu sun haɗa kai bisa waya ɗaya, suna kallon fim. Na leƙa. Sai na ga wata halitta, daga kai zuwa cibiya mutum, daga cibiya zuwa ƙasa doki. Ga wata kuma da jikin mutum da kan kare, tana riƙe da takobi. Na tambaye su: «Wace ƙasa ce wagga?» Babbansu ya ce: «Baba, ba ƙasa ba ce, ƙago ta anka yi. A cikinta kowace ƙabila da irin dabbarta.» Na yi dariya, na ce masa kakata ta riga masu fim.

Abin ya tsaya mini a rai har na isa gida. Tun yaushe ɗan Adam ya fara haɗa jikinsa da na dabba a cikin labari? Me ya sa? Kuma wa ya ci riba, wa ya cutu? Ku biyo ni a hankali.

A tsakar gida bayan tuwon dare

Mu fara da abin da kowa ya sani. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Magiya ko na Adar ya ji labarin Gizo. To, Gizo mene ne? Ƙwaro ne mai saƙa a kusurwar ɗaki. Amma a tatsuniya shina da gona, shina da mata, Ƙoƙi, shina zuwa fada ya faɗi gaisuwa da tsamin bakinsa. In wuya ta yi wuya, sai ya haye rufin ɗaki ya koma ƙwaro. Babu yaron da ya taɓa tsayar da kaka ya ce ta bayyana masa ko Gizo mutum ne ko ƙwaro. Kowa ya gane shi, don kowane gari da Gizonsa.

Sai Dodo. Shi gashi gare shi buzu-buzu, ga wutsiya, ga ƙaton ciki, shina cin mutane. Amma shina magana, shina da gida da rumbu, har neman aure shina yi. Kun tuna budurwar da ta ce ba ta auren mai tabo? Samarin garinsu duk sunka zo, ta dudduba jikinsu, ta kore su. Sai ga wani baƙo santalele, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ta bi shi. Da sunka yi nisa cikin daji, sai ya fara tuɓe kyawon nan ɗaya bayan ɗaya, don aro ne ya yi. A bakin wasu tsofaffi Dodo ne, a bakin wasu maciji ne. Akwai kuma ɓaunar da ta rikiɗa ta zama mace, ta auri maharbi don ta ji asirinsa. Iyayenmu na dauri ba su da allo na lakwal, da waɗanga labaru sunka koya wa ƴaƴansu cewa a bincika asalin baƙo kafin a ba shi aure, kuma kada mutum ya zazzage cikinsa duka ga wanda bai sani ba.

Ba a bar labarun nan a baki kaɗai ba. Wani Bature mai suna Frank Edgar ya buga littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa daga 1911 zuwa 1913. Da yawa daga cikinsu malaman ƙasar Sakkwato ne sunka rubuta su da ajami, ga shi kuwa tsakanin Sakkwato da Ƙonni bai kai kilomita 100 ba. Ke nan Gizon da anka rubuta a can shi ne namu.

Dodo ma ya yi fatauci. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, yara suna wani wasa da dare a watan azumi, suna sa fuskokin dabbobi suna bin gida-gida, kamar tashe a wajenmu. Sunan wasan Dodo, kuma mutanen can sun ce Hausawa fatake ne sunka kai shi. Labarin da suke bayarwa shi ne wai wani maharbi ya yi farauta ran Juma'a bayan an hana, sai ya koma rabi mutum rabi dabba.

Arna, maharba da zanen duwatsu

Tatsuniya kowa ya san ƙarya ce. Amma akwai abin da kakanninmu ba su ɗauke shi wasa ba. A gidajen Arna akwai abin da ake kira kan gida. Wata dabba ce da zuriya ba ta kashe ta, ba ta cin namanta: wasu maciji, wasu guza ko damo, wasu wata dabba daban. Suna cewa tsakaninsu da ita akwai amana tun daga kakan farko. A cikin iskokin bori akwai Kure, wato namijin kura, akwai Danko mai siffar maciji. In Kure ya hau mutum, sai ka ga tafiyarsa da gurnaninsa sun sake. Garin Masalata, nan kusa da Ƙonni, ya shahara da arwa, inda Arna ke duba abin da shekara za ta zo da shi. Wata Bafaransa mai bincike, Nikol Eshar, ta daɗe tana zama da ƴan borin Adar, ta rubuta abin da ta gani. Ba ina kiran kowa zuwa ga bori ba ne. Tarihi nake faɗi, don haka ƙasar take kafin yau.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni. Tsofaffin maharba sun san burtu. Ba tsuntsun kaɗai nake nufi ba. Maharbi kan sassaƙa itace kamar wuyan burtu, ya liƙa masa bakin tsuntsun, ya ɗaura a goshi. Sai ya lulluɓe da baƙin zane, ya duƙa shina rarrafe, shina gyaɗa kai kamar mai tsintar fara. Barewa ta saba da burtu, ba ta gudunsa. Kafin ta farga kibiya ta same ta. Ku ɗauka wani baƙo ne ya hango wanga abu daga nesa da sassafe: jikin mutum, kan tsuntsu. Me zai faɗa in ya koma garinsu?

A cikin hamada, arewa da Agadas, mutanen dauri sun bar zane a jikin duwatsu. A duwatsun Mesak na ƙasar Libiya an sassaƙa mutane masu kan kare, har da wanda ke jan karkanda da ƙafa. An yi su lokacin da hamada ke da ruwa da ciyawa, shekaru dubbai da sunka wuce. Wasu masana sun ce maharba ne sanye da fuskar dabba, wasu sun ce iskokin mutanen wancan zamani ne. A ƙasar Jamus kuma, a 1939, anka tono wani gunki cikin kogo. Da hauren wata irin giwa mai gashi anka yi shi, irin da ta ƙare a duniya. Tsawonsa wajen santimita 31, jikin mutum da kan zaki. Masana sun ba shi shekara wajen 40.000. A Masar akwai Abul Haul, zaki mai kan sarki, tsawonsa mita 73, ya kai shekara 4.500 a kwance. Kun ga yaran tasha ba su zo da sabon abu ba.

Wani lokaci ido ne ke ruɗin mai shi. A 1519 sojojin Sifen sunka shiga ƙasar Meziko bisa dawaki. Mutanen wurin ba su taɓa ganin doki ba. Wani soja da ke cikin yaƙin ya rubuta cewa sun zaci doki da mahayinsa halitta ɗaya ce. A 1493 Kolombus ya ce ya ga ƴan ruwa uku, matan nan masu jelar kifi, amma ya yi ƙorafi wai ba su da kyau kamar yadda ake zana su. Abin da ya gani ɗan'uwan ayu ne, dabbar nan da ke cikin kogin Kwara, wadda macenta ke shayar da ɗanta da nono.

Mutane masu wutsiya

Nan ne labarin ya daina zama abin dariya.

Shekara wajen 2.450 da sunka wuce, wani marubuci na ƙasar Girka mai suna Herodot ya rubuta cewa a yammacin Libiya, wato ɓangarenmu na Afirka, akwai mutane masu kan kare, da waɗansu marasa kai masu idanu a ƙirji. Shi kansa ya ce jin sa ya yi. Amma Turawa sunka yi ta kwafar maganar har sunka zana irin waɗanga halittu a taswira. A wurinsu mu ne dodannin.

Mu ma ba mu kuɓuta daga laifin ba. Hausawan dauri suna da labarin wasu mutane can kudu mai nisa da suke kira Yamyam. Wai suna cin mutane, wai suna da wutsiya. Abin lura shi ne, ko ina ka je ka tambaya, sai a nuna maka gaba. Ba a taɓa isa ƙasar Yamyam ba, kullum tana bayan dutse na gaba.

Ku ji yadda labarin ya ƙetare teku. A garin Bahiya na ƙasar Birazil akwai bayi Hausawa da yawa, waɗanda anka kama a yaƙe-yaƙe anka sayar. Jakadan Faransa a garin, mai suna Kastelno, ya riƙa kiran su shina tambayarsu labarin ƙasarsu: garuruwa, koguna, kwana nawa daga nan zuwa can. A 1851 ya buga littafi a Paris, kuma a kan bangonsa ya sa zancen wata al'umma ta mutane masu wutsiya. Wani daga cikin bayin ya gaya masa wai ya bi rundunar Sarkin Kano zuwa ƙasar Yamyam. Wai sunka iske wasu suna barci a rana, sunka lallaɓa sunka kashe su duka. Da sunka duba gawawwakin, wai kowa da wutsiya mai tsawon santimita 40.

Ku sake karanta wanga labari. Mutane suna barci, ba su tare wa kowa hanya ba, anka kashe su. Mai ba da labarin bai ji nauyin faɗi ba, don a ganinsa ba cikakkun mutane ba ne. Shi kuma mai faɗin, ga shi cikin bauta a ƙasar wasu, a hannun waɗanda su ma ba su ɗauke shi cikakken mutum ba. Ni dai duk lokacin da na tuna wanga bawan Allah, sai tausayi da haushi su haɗu mini wuri ɗaya.

Masanan Faransa sunka yi shekaru suna gardama a kan wutsiyar nan. A 1870 wani Bajamushe matafiyi mai suna Shwainfut ya shiga ƙasar Zande, mutanen da fataken Sudan ke kira da wanga suna na Yamyam. Ƙasarsu tana inda yau Sudan ta Kudu, Kwango da Afirka ta Tsakiya sunka haɗu. Ya iske manoma da maƙera da makaɗa, masu sarakuna da fada. Wutsiya babu. Abin da anka gani fatar dabba ce da suke ɗaurawa a gindi, jelarta na reto a baya, kamar walki. A kudancin Zariya ma matan aure na Kagoro da maƙwabtansu sun kasance suna ɗaura wani ado na zaren itace a baya. Alamar aure ce. Amma da wani hafsan Ingila mai suna Tiremen ya rubuta littafi a kansu a 1912, sai ya kira su masu wutsiya tun daga sunan littafin, don ya san abin da masu saye ke so.

Me ya sa ƙaryar ta daɗe haka? A ganina don tana da amfani ga masu harin bayi. Da wuya ka ɗaure ɗan'uwanka da igiya ka kai shi kasuwa zuciyarka ba ta dame ka ba. In an ce maka wutsiya gare shi, ka huta.

Ƙonni ta ɗanɗana irin wagga ƙaryar daga ɗaya ɓangaren. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kaftin Vule da Kaftin Shanwan ta ratso ƙasar nan za ta tafkin Cadi. A watan Afrilu sunka yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, cikin Arewa. A watan Mayu sunka faɗa wa Birnin Ƙonni, sunka kashe jama'a masu yawa, maza da mata da yara, sunka ƙone birnin. Wanda ya ɗauke ka mutum kamarsa ba ya yi maka haka. Ɓarnar ta yi yawa har gwamnatinsu ta aiko Kanar Kulob ya tsayar da su. Vule ya sa anka harbe shi ran 14 ga Yuli. Kwana kaɗan bayan haka sojojinsu da kansu sunka kashe su biyun, kusa da Maijirgi a ƙasar Tasawa.

Ita kuwa Sarauniya, masu ba da labari sun ce ta rikiɗa ta zama damisa ta shige daji. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Ku lura, nan rikiɗa yabo ce. Haka muke yi wa sarakuna da ƴan kokowa: zaki, toron giwa, ɓauna. Tun da anka fara kokowar takobi a Tawa a 1975, wane ɗan kokowa ne ya taɓa fushi don maroƙi ya kira shi giwa? In mun so mutum sai mu ba shi ƙarfin dabba. In mun ƙi shi sai mu ba shi wutsiyarta.

Sawun kura a ƙofar gari

Zan rufe da abin da na gani da idona, amma ba ni faɗin sunan gari ko na mutum.

A 1984 ruwa ya ƙi. Najeriya ta rufe iyaka a watan Afrilu na shekarar, hatsi ya yi wuya, har mutane sunka sa wa yunwar suna El Buhari. Bisashe suna mutuwa a bakin hanya. Muna yara lokacin. A ƙarshen garinmu akwai wata tsohuwa, mijinta ya rasu, ƴaƴanta sun tafi cin rani ba su dawo ba. Ba ƴar garin ba ce, aure ya kawo ta. Wata safiya anka iske an ja akuya daga garke. Samari sunka bi sawun kura, sawun ya hau hanyar rijiya, ya ɓace cikin sawun mutane kusa da ɗakinta. Kafin azahar magana ta gama gari: tsohuwa mayya ce, da dare take rikiɗa. Anka daina gaishe ta. Mata sunka hana ta guga. Mu yara munka jefe ta da duwatsu, har da ni, Allah shi gafarta mini.

Liman ne ya tsaya. Ya tara dattawa ya ce duk wanda ya gan ta tana rikiɗa da idonsa ya fito ya dafa Alƙur'ani. Ba wanda ya fito. Wani tsohon maharbi kuma ya yi bayani. Ya ce kura tana son hanyar da mutane sunka taka, don ta fi sauƙin bi. Da dare take wucewa, da asuba mata masu ɗaukar ruwa su take sawunta. Shi ya sa kullum sawun kura ke ƙarewa inda na mutum ya fara. Ya ce mushen dabbobi ne ya jawo ta gari, kuma dole ta shigo ta gefe, inda matalauta ke zama. Kukanta mai kama da dariyar mutum shi ma halittarta ce.

Ba mu kaɗai ke da wanga zargi ba. A ƙasar Habasha ana cewa maƙera ne ke komawa kuraye da dare, ana kiran su buda. Ko ina ka duba, wanda ake zargi shi ne baƙo, ko gwauruwa, ko mai sana'ar da anka rena. Ban taɓa jin an ce attajirin gari ya zama kura ba.

Akwai wani abu kuma da ke sa a ce mutum ya koma dabba, wato ciwon haukan kare. Wanda mahaukacin kare ya ciza, bayan makonni ko watanni sai ya fara firgita, miyau na dalala, shina tsoron ruwa, muryarsa ta sake. Ba rikiɗa ba ce, cuta ce da ke kama ƙwaƙwalwa. Tun 1885 Luwi Pasto na Faransa ya gano allurarta. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita ranar nan. In an jira har alamu sunka fito, allura ba ta da sauran amfani.

Tsohuwar nan ba a kore ta ba, amma ba ta sake zama da daɗi ba. Ko bayan maganar liman, wasu mata ba su koma karɓar wuta a ɗakinta ba. Da damina ta dawo a 1985, ɗanta ɗaya ya zo ya ɗauke ta zuwa wajen danginta. Ɗakin ya rushe, yanzu gonar gero ce. Kurar kuwa, na yi shekaru ban ji kukanta a dajin garinmu ba. Da na tambayi yaran tasha ko sun taɓa ganin kura, ɗayansu ya ce ya gani sau ɗaya a kasuwa, a hannun gardawa, da takunkumi a bakinta.